Yadda ake gyara injin niƙan kafe na gida don ya yi laushin da espresso ke so

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina zaune a unguwar Bagalam cikin garin Maradi. Ƙanena ya kawo mini ƙaramin injin dafa espresso da injin niƙan kafe mai aiki da lantarki daga Faransa. Na kai injin niƙan lambarsa ta ƙarshe, amma garin yana fitowa da tsaki-tsaki, ruwan ya wuce cikin sakan 10, kafen kuma ya fito salam, da ɗan tsami, babu kumfa. Na ji an ce ana iya kwance shi a gyara. Gaskiya ne, ko in haƙura in sayi wani?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Gaskiya ne ana gyarawa, amma ba kowane inji ba. Buɗe murfin ka leƙa ciki. Idan wuƙa ce ka gani mai juyawa kamar farfela, to wannan sara take yi, ba niƙa ba, kuma babu dabarar da za ta sa garinta ya fito bai ɗaya. Tun da ka ce naka yana da lambobi, na ɗauka mai haƙora ne, wato ƙarafa biyu masu zane, ɗaya a tsaye ɗaya na juyawa, ƙwayar tana bi ta tsakaninsu. Aikinsa ɗaya ne da injin niƙan gero na unguwa: idan mace ta ce gari take so ba ɓarza ba, mai inji yakan ƙara ɗaure abin murɗawa da ke gaban injin don fayafayan su matso kusa. Abin da za ka yi ke nan, sai dai a nan tazarar da ake magana a kanta ba ta kai rabin milimita ba.

Dalilin neman laushin shi ne, injin espresso yana tura ruwan zafi da ƙarfin da ya kai kamar bar 9 (bar ma'aunin ƙarfin matsi ne), kuma garin ne kaɗai ke tare ruwan. Ma'aunin da aka saba da shi shi ne giram 18 na gari ya ba da kamar giram 36 na kafe cikin sakan 25 zuwa 30. Garin da ke yin haka ya fi gishirin tebur laushi, amma bai kai garin fulawa ba; idan ka matse shi da yatsu biyu zai ɗan dunƙule, ka kuma ji ɗan yashi-yashi a cikinsa.

Kafin ka ɗauki sukurdireba, ka tabbatar laifin na injin ne. Nijar ba ta noman kafe, ƙwayar da ke iso mu ta sha doguwar hanya, sau da yawa watanni bayan an gasa ta, zafin Afrilu da Mayu kuma ba ya raga mata. Tsohuwar ƙwaya ba ta riƙe ruwa ko da an niƙa ta lukui, kuma ba ta ba da kumfa. Ka nemi wadda gashinta bai wuce wata ɗaya ba ka gwada. Sannan ka juya kwandon ƙarfen da ake zuba garin: idan rami ɗaya tak ka gani a ƙasansa, mai gindi biyu ne, shi da kansa yake tare ruwa, an ƙera shi ne don gari mai ɗan kauri, gari mai laushi sosai ma toshe shi yake yi. Gyaran da muke magana a kai yana da amfani ne ga kwando mai ramuka da yawa.

Idan duk wannan ya yi daidai, zare wayar daga soket, ka cire mazubin ƙwaya da haƙorin sama, ka goge da buroshi busasshe, domin man kafe da tsohon gari kan taru su hana haƙorin zama daram a mazauninsa. Daga nan ka duba ko masu ƙera shi sun bar wurin saiti a ciki. Smart Grinder Pro na kamfanin Sage, alal misali, yana da lambobi 1 zuwa 10 a jikin haƙorin sama, ana zare ɗan ƙarfen riƙonsa a matsar da shi zuwa ƙaramar lamba. Baratza Encore kuma yana da ɗan sukuru na saiti a kan zoben da ke cikin rigarsa. Ƙananan injuna masu araha da yawa wani ɗan tudun roba ne kawai ke hana zoben lambobin wucewa. Sai a ɗaga zoben, a murɗa haƙorin sama ya ƙara shiga kaɗan, a mayar da zoben. Ka ɗauki hoto da wayarka a kowane mataki, ka kuma sa alama da biro inda komai yake tun farko.

Inda babu wurin saiti, sai a yi ciko. Ana kwance notin da ke riƙe haƙorin ƙasa, a sa siririn zoben ƙarfe, wanda makanikai ke kira washa, a ƙarƙashinsa don ya ɗaga. A kula, a wasu injuna zaren notin na hagu ne, mai ƙoƙarin kwancewa ta hanyar da ya saba sai ya ƙara ɗaure shi har ya lalata zaren. Washar shagon kayan babur ta yi kauri da yawa ga wannan aiki. Jikin gwangwanin lemo kaurinsa kamar milimita 0.1 ne, ana yanke shi da almakashi ya zama zobe, kuma ɗaya ko biyu sukan isa. Ɗaya za ka fara sawa, ka gwada, kafin ka ƙara.

Wurin da nake so ka fi natsuwa shi ne nemo inda haƙoran ke fara taɓa juna. Bayan ka mayar da komai, juya haƙorin da hannu, wayar tana zare, ka ji ko yana gogar ɗan'uwansa. Idan ba ya yi, kunna injin babu ƙwaya daga lamba mai kauri, ka riƙa saukowa sannu a hankali har ka ji wata 'yar ƙara siririya kamar kukan tsako. Da ka ji ta ka koma baya lamba biyu, ka sa alama, kada ka sake ƙetare wurin. Haƙoran da ke cin juna suna dakushewa, suna zuba ɓurɓushin ƙarfe cikin abin da za ka sha, giyar roba da ke ciki tana iya ɓalgacewa, kwayil kuma ya ƙone. Ƙaramin inji ba a ƙera shi don wannan nauyi ba, saboda haka ka niƙa na kofi ɗaya ko biyu ka bar shi ya huce, musamman lokacin bazara ko sa'ad da wuta ta yi rauni.

Zan gaya maka iyakar wannan gyara don kada ka yi zaton abin da ba zai samu ba. Yana ƙara laushi, amma ba ya gyara haƙori mai lilo a kan sandarsa, ba ya kuma rage tazarar da ke tsakanin lamba da lamba. Za ka iya tarar da lamba ɗaya ta ba ka sakan 18, ta kusa da ita kuma ta toshe injin gaba ɗaya. Idan haka ta faru, tsaya a kan mai kaurin, ka ƙara giram ɗaya na gari a kwando. Ƙaramin sikeli mai auna giram 0.1 ya fi cokali amfani nesa ba kusa ba. Idan har hakan bai kai ka sakan 25 ba, a ganina injin hannu mai haƙoran ƙarfe wanda aka ƙera don espresso ya fi sake kwance wannan, ga shi ba ruwansa da ɗaukewar wuta.

Da hunturu kuma za ka ga garin yana manne wa bakin injin yana watsuwa saboda bushewar iska. Jiƙa wutsiyar cokali da ɗigon ruwa ɗaya ka juya ƙwayar da ita kafin ka zuba. Idan damina ta shigo, laima takan sa ruwan ya riƙa jinkiri a kwando, sai ka koma baya lamba ɗaya ka sake aunawa da agogo.