Tambaya da Amsa: Yawan Ambato Ne Ke Nuna Gwanin Binciken Ciwon Daji?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Na kammala digiri na biyu, yanzu ina neman wanda zan yi digirin digirgir a hannunsa a kan ƙwayoyin gadon da ke haddasa ciwon daji. Masana biyu sun amsa wasiƙata. Da na duba shafinsu a Google Scholar, sai na ga ɗaya yana da maƙalu sama da 400, ma'aunin h ɗinsa ya haura 90. Ɗayar mace ce, maƙalunta ba su kai 50 ba, h ɗinta 24. Abokan karatuna duk sun ce in bi na farkon. Ni kuwa rubutun matar ne ya fi kama hankalina. Shin waɗannan lambobi su ne ke nuna wanda ya fi? Daga wata ɗaliba.

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya yi wa karatunki albarka. Na ji daɗi da kika ce kin karanta rubutunsu, domin yawancin masu kawo mini irin wannan tambaya lambar kawai suka gani, ba su buɗe ko maƙala ɗaya ba.

Mu fara da abin da lambar ke nufi. Wani masanin kimiyyar fiziks a Jami'ar Kalifoniya, Jorge Hirsch, shi ya fito da ma'aunin h a 2005. Idan an ce h ɗin matar 24 ne, ana nufin tana da maƙalu 24 waɗanda kowacce aka ambata aƙalla sau 24 a rubutun wasu. Shi ke nan. Daga nan ma kin ga raunin abin: wanda ya rubuta maƙalu biyar kacal, aka ambaci kowacce sau dubu goma, h ɗinsa ba zai wuce 5 ba. Kuma lambar ba ta raguwa, sai dai ta ƙaru da shekaru, ko da mutum ya daɗe da ajiye aiki. Don haka kafin ki jera mutanen nan biyu, duba shekarar da kowannensu ya fitar da maƙalarsa ta farko. In shi ya fara shekara talatin da suka wuce, ita kuwa goma sha biyu, to rabin tazarar da kika gani shekaru ne suka yi ta.

Sauran rabin yana cikin yadda ake aiki a wannan fanni, kuma nan nake so ki buɗe ido sosai. Binciken ƙwayoyin gado na ciwon daji ya zama aikin gayya. Shirin TCGA na tsara taswirar ƙwayoyin gadon ciwon daji, wanda gwamnatin Amurka ta fara a 2006, ya nazarci samfurin marasa lafiya sama da 11,000 a nau'in ciwon daji 33, kuma maƙalunsa sukan fito da sunayen ɗaruruwan mutane. Duk wanda sunansa ya shiga jerin, ko da samfuri kawai ya aika daga asibitinsa, za a lissafa masa ambaton maƙalar cif-cif kamar wanda ya kwana yana tsara aikin. Ba na raina mai kawo samfuri, ba don shi ba da babu binciken. Amma ke koyon tunani za ki je, saboda haka dole ki san wane ne ya yi tunanin.

Hanyar ganewa tana da sauƙi. A mujallun likitanci da nazarin halittu, suna na farko yawanci na wanda ya yi aikin da hannunsa ne, ɗalibi ko matashin mai bincike. Suna na ƙarshe na shugaban ɗakin binciken ne, wanda ya kawo tambayar, ya nemo kuɗin, ya ɗauki nauyin sakamakon. Na tsakiya su ne masu taimako, kowa gwargwadon hannun da ya sa. Maƙalar 1990 da ta nuna cewa akwai ƙwayar gadon sankarar mama a kan kuromosom na 17 (kuromosom su ne zaruruwan da ke ɗauke da ƙwayoyin gado a jikinmu), sunan Jeff Hall ne a farko, na Mary-Claire King a ƙarshe, kuma kowa a fannin ya san aikin ɗakin binciken King ne. Ki ɗauki jerin maƙalu 400 ɗin nan, ki ware waɗanda sunansa ya zo a farko ko a ƙarshe, ki yi wa matar haka. Sai ki sake kwatantawa. Na taɓa zama a kwamitin duba takardun ƙarin girma, muka yi wa wani mai dogon jeri irin wannan tankaɗe, abin da ya rage a rariya bai cika shafi ɗaya ba. Ranar ce na daina yarda da jimilla.

Tun da na ambaci King, bari in ɗan tsaya a kanta, domin labarinta ya shafi tambayarki kai tsaye. Tun 1974 ta fara bin diddigin iyalan da sankarar mama ke yawan kama matansu, a lokacin da masana da dama ke ganin ciwo mai sarƙaƙiya irin wannan ba zai taɓa komawa ga ƙwayar gado guda ba. Sai da ta shafe kusan shekara 17 kafin ita da ɗalibanta su tabbatar da wurin, bisa nazarin iyalai 23. Ita ta raɗa wa ƙwayar suna BRCA1. A 1994 tawagar Mark Skolnick ta ciro ƙwayar kanta, a 1995 kuma tawagar Michael Stratton a Ingila ta gano BRCA2 a kan kuromosom na 13. Yau mace na iya yin gwajin jini ta san ko ta gaji haɗarin, ta fara zuwa a duba ta tun da wuri. Da an auna King da ma'aunin ambato a tsakiyar shekarun nan na jira, ma'aunin ba shi da yadda zai nuna abin da ke tafe.

Haka Alfred Knudson. A 1971 ya wallafa wata gajeriyar maƙala, sunansa shi kaɗai, a kan yara 48 masu sankarar ido. Ya lura cewa waɗanda ciwon ya kama idanunsu biyu sukan kamu tun suna ƙanana sosai, masu ido ɗaya kuwa sai daga baya. Da lissafi kawai ya ce lallai lahani biyu ake buƙata kafin ciwon ya tashi: wasu yaran sun gaji na farko daga iyaye, saura ɗaya ya same su, wasu kuwa sai duka biyun sun faru a jikinsu. Sai a 1986 aka gano RB1, ƙwayar gadon da lahaninta ke jawo ciwon, ta gaskata maganarsa. Janet Rowley ita ma a 1973, sunanta ita kaɗai a mujallar Nature, ta nuna cewa a wani nau'in sankarar jini kuromosom na 9 da na 22 ne ke musayar gutsure. Zaren da ta kamo shi aka bi har aka kai ga maganin imatinib, wanda aka amince da shi a Amurka a 2001, ya mayar da ciwon da ke kisa cikin 'yan shekaru abin da mutane da yawa ke rayuwa da shi. Peyton Rous kuwa tun 1911 ya nuna cewa ƙwayar cutar bairos na iya jawo ciwon daji a jikin kaji, bai karɓi kyautar Nobel ba sai 1966.

Kada ki ɗauka ina cewa ambato banza ne. Ruwa ba ya tsami banza. Bert Vogelstein yana cikin masanan da aka fi ambata a duniya, kuma ya cancanta, domin shi da Eric Fearon ne a 1990 suka zayyana yadda lahani ke taruwa ɗaya bayan ɗaya a ƙwayoyin gado har ƙaramin tsiro a hanji ya zama sankara. Mai yiwuwa mutumin naki mai h 90 irinsa ne. Abin da nake ja miki kunne a kai shi ne, ambato yana nuna an taɓa aikin mutum, bai faɗi dalilin taɓawar ba. Maƙalar bita, wadda ke tattara abin da wasu suka gano, takan fi sabon bincike samun ambato. Wadda Douglas Hanahan da Robert Weinberg suka rubuta a 2000 a kan siffofin ciwon daji an ambace ta sau dubun dubata. Maƙalar da ke koyar da dabarar gwaji ma haka: ta Oliver Lowry ta 1951 a kan auna furotin ta haura ambato 300,000. Akwai kuma masu yawan ambaton kansu da abokansu. Gano da ya yi ƙarfi sosai kuwa yakan shige littattafan karatu, a daina ambaton mai shi gaba ɗaya.

Abin da ya fi damuna, kuma ya kamata ya dame ki tun da rayukan marasa lafiya ake magana, shi ne ana ambaton aikin da bai tabbata ba. A 2012 Glenn Begley da Lee Ellis suka bayyana cewa masu bincike a kamfanin Amgen sun gwada maimaita manyan bincike 53 na ciwon daji, guda 6 kacal suka tabbata a hannunsu. Wasu daga cikin waɗanda suka kasa tabbata an riga an gina ɗaruruwan maƙalu a kansu. Hatta maƙalar da mujalla ta janye, sai ki ga ana ci gaba da ambatonta. Irin wannan ne ya sa a ƙarshen 2012 wasu editoci da masana suka tsara sanarwar San Faransisko, wadda aka fi sani da DORA, suna kira da a daina auna mutum da martabar mujallar da ya wallafa a ciki.

Ga abin da zan yi in ni ne ke. Zan zaɓi maƙalu uku na shekaru biyar da suka wuce daga kowanne cikin masanan nan biyu da suka amsa miki, waɗanda sunansa ke ƙarshe, in karanta su a natse, in tambayi kaina: me muka sani yanzu game da ciwon daji wanda ba mu sani ba kafin wannan aikin? Zan duba ko wani ɗakin bincike da ba su da alaƙa ya maimaita ya samu abu ɗaya. Zan duba ɗalibai nawa suka fito a suna na farko a ƙarƙashinsu, da inda suke yanzu. Sannan in rubuta wa biyu daga cikin tsofaffin ɗaliban, in tambaye su sau nawa a wata suke zama da malamin ido da ido. Babban ɗaki mai mutum arba'in yana da kuɗi da na'urori, amma kina iya shekara ba ki samu awa guda da mai shi ba. Ƙaramin ɗaki yana da kulawa, sai dai ki tambayi matar kai tsaye ko tallafinta zai kai ki ƙarshen karatu. Ki yi mata tambayar da ladabi, ba za ta ji haushi ba.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ni matashin mai bincike ne. Google Scholar ya nuna ambatona ya kusa ninka wanda ke Scopus. Wanne zan rubuta a takardar neman aiki? Daga wani mai karatu.

AMSA: Barka kadai, ɗana. Duka biyun ba ƙarya suka yi ba, kowanne da inda komarsa ke kaiwa. Google Scholar yana kwaso duk abin da ya samu a intanet: kundin digiri, rubutun da ba a tantance ba tukuna, takardun taro, wani lokaci har abu ɗaya sau biyu. Scopus na kamfanin Elsevier da Web of Science na Clarivate mujallu da littattafan da suka zaɓa kawai suke ƙirgawa, shi ya sa lambarsu take ƙasa. Ka rubuta wanda masu ɗaukar aikin suka nema; in ba su faɗa ba, ka kawo biyun, kowanne da sunan inda ka ɗauko da ranar da ka duba. Ka kuma bincika ko an raba maƙalunka gida biyu saboda bambancin rubuta sunanka, ko an haɗa maka da na wani mai irin sunanka, domin hakan na faruwa sosai. Ka buɗe lambar ORCID, wato lambar shaida da ke bambanta mai bincike da masu irin sunansa, kyauta ce, ka riƙa sa ta a duk maƙalar da za ka aika, sannan ka rubuta wa Scopus su haɗe bayananka wuri ɗaya kafin ka tura takardar.