Amosanin gaɓoɓi na rumatoyid: ina yake kai mutum?

Tambaya: Likita, barka da aiki. Shekaruna 38. An gwada jinina an ce ina da amosanin gaɓoɓi na rumatoyid. Yatsuna kan kumbura su sandare da asuba, amma wani lokacin sai in yi wata guda lafiya lau. Zai warke da kansa ne, ko sai ya nakasa ni?

Amsa: Sannu Malama, Allah ya ƙara sauƙi. Lafawar nan da kike gani ita ke ruɗin mutane. Ciwon yakan taso ya kwanta, amma kwanciyarsa ba warkewa ba ce.

Garkuwar jiki ce ke juyowa ta far wa siririyar fatar da ke lulluɓe da cikin gaɓa. Yawanci daga ƙananan gaɓoɓin yatsun hannu da na ƙafa yake farawa, dama da hagu tare, kuma sandarewar safe kan haura rabin awa. Idan kumburin ya daɗe, fatar sai ta yi kauri ta shiga cin guringuntsi, sannan ta kai ga ƙashi. Wannan ɓarnar tana iya somawa tun cikin shekara 2 na farko, tun hannu bai nuna komai a ido ba, kuma ƙashin da ya zaizaye ba ya komawa yadda yake. Can gaba ne yatsu ke karkacewa wajen ɗan ƙaramin yatsa, ciwon ya hau wuyan hannu, gwiwa da kafaɗa. A wasu har yakan taɓa huhu da zuciya, ya busar da ido, ya jawo ƙarancin jini.

Sai dai ba kowa ke kaiwa nan ba, musamman wanda ya fara magani a watannin farko. Abin da ke damuna shi ne masu dogara da diclofenac ko prednisolone na kemis shekara da shekaru. Zafi ya yi sauƙi, amma diclofenac ba ya tsayar da ɓarnar, prednisolone kuma in aka daɗe a kansa yana raunana ƙashi, ya tayar da sukari da hawan jini.

Maganin da aka fi farawa da shi don taka wa ciwon birki shi ne methotrexate, sau ɗaya a mako (ba kullum ba, ki riƙe wannan), tare da folic acid da gwajin jini da na hanta lokaci-lokaci. Yakan ɗauki mako 6 zuwa 12 kafin a ga aikinsa, kada ki gaji ki ajiye. In kina da ciki ko niyyar ɗauka, ki sanar da likitanki tun kafin ki fara, don yana cutar da ɗan tayi, kuma akwai wasu magungunan da za a iya sauya miki.