Kuɗin adashi da lambun bayan ɗaki: amsa ga Hajiya mai tuwon zafi a Aboabo

Wata Hajiya mai sayar da tuwon zafi a Aboabo, nan Kumasi, ta aiko min da tambaya. Ta ce ƙarshen watan nan ita ce da kwasar adashi, sidi 3,000. A bayan ɗakinta, cikin gidan haya, akwai ɗan fili taku 6 a tsawo, 4 a faɗi, babu abin da ke wurin sai tsofaffin robobi da igiyar shanya. Kullum tana kashe kimanin sidi 40 a kan ayoyo da sauran ganyen miya, ban da tumatir da ke cinye mata riba duk lokacin da ya yi tsada. Tana so ta zuba kuɗin nan gaba ɗaya a lambu, ta noma tumatir, ta huta da saye, in ya yi yawa ta sayar wa maƙwabta. Tambayarta ita ce ta shiga ko ta fasa.

Hajiya, sannu da ƙoƙari, Allah ya sa wa sana'a albarka. Ki yi lambun, ina goyon bayanki ɗari bisa ɗari. Amma kada ya ci fiye da sidi 600 daga cikin kuɗin nan, kuma kada ki fara da tumatir.

Bari in fara da tumatir ɗin, tunda shi ne ya fi tsaya miki a rai. Kumasi gari ne mai ruwa da laima, damina biyu muke yi a shekara, babba daga wajen Maris zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba. Tumatir kuwa ba ya son ganyensa ya kwana a jiƙe. Na taɓa dasa guda 30 a bayan gidan mahaifiyata a Asawase, suka yi kore shar, suka fara fure, har na fara lissafin kwando. Wata safiya na tarar da uku sun yi yaushi kamar an zuba musu ruwan zafi, alhali ƙasar a jiƙe take. Kafin mako biyu fiye da rabi sun bi su. Cuta ce da ke zaune a cikin ƙasa, tana toshe hanyar ruwa a jikin shukar, kuma in ta kama babu feshin da ke tayar da ita. Ko da naki ya tsira, wata uku za ki yi kina jira, sannan in ya nuna cikin damina sai ki tarar na Akomadan, garin manoman tumatir, ya cika kasuwa. Da rani kuma, lokacin da motoci ke tafiya har Burkina Faso su ɗauko shi, ke ruwan da za ki ba naki da kuɗi za ki saya. Filin taku 6 ba zai yi gasa da waɗannan ba. In kina sha'awa, ki dasa guda huɗu don cefanen gida, ki koyi halinsa a kansu.

Abin da filinki zai iya yi miki da kyau shi ne ganye. Ayoyo, wanda 'yan'uwanmu na Nijeriya da Nijar ke kira lalo, shi ne ran tukunyarki. Sai alefu, wato alayyahu, da yakuwa. Dalilina na kasuwanci ne zalla. Ganye kaya ne da ba ya kwana: wanda kika sayo da safe, in ya kai yamma ya yi laushi, kin zubar da wani, kuma kin biya kuɗin mota kin je kin dawo. Wanda ke bayan ɗakinki kuwa sai lokacin da za ki ɗora tukunya za ki yanka. Alefu yana isa yanka cikin mako 3 zuwa 4, ayoyo 4 zuwa 6, kuma in kika yanke sama kika bar gindi kamar tsawon tafin hannu, zai sake toho ki sake yanka. Mai ƙaramin jari kayan da ke juyawa da sauri take nema, kin fi ni sanin wannan.

To ga lissafin, da alƙalumanki. Sidi 40 a rana, kwana 6 a mako, 240 ke nan, a mako huɗu 960. Ba zan yaudare ki ba, a buhu za ki yi shukar, kuma buhu 20 ba za su ciyar da tukunyar mai sana'a kullum ba. Mu ɗauka sun ɗauke miki kwana biyu a mako. Kin tsira da sidi 80 a mako, 320 a mako huɗu. In kin kashe 600, bayan watan farko na jira, cikin wata biyu uwar kuɗi ta dawo, abin da ya biyo baya naki ne. Amma in kika zuba 3,000 a filin nan, ganyen da zai ba ki ba zai ƙaru ba, domin faɗin wurin ne ke yanke yawan amfanin, sai dai ki shafe kusan shekara kina jiran kuɗinki su dawo. Wannan kwana biyun ma zato ne nake yi. Littafinki ne zai tabbatar ko ya ƙaryata.

Ragowar 2,400 ɗin ki bar su a sana'ar da kika riga kika iya. Masara tana sauka da kaka, wajen Agusta da Satumba, lokacin da ta Ejura da Techiman ke shigowa. Mai tuwo da ta sayi busasshiyar masara buhu guda a lokacin, ta adana ta inda ƙwari da laima ba za su taɓa ba, ta fi mai awon kullum samun sauƙi nesa ba kusa ba. Ki kuma ware wani abu a MoMo, asusun kuɗi na waya, wanda ba ki taɓawa, saboda ranar da tukunya ta huje ko yaro ya kwanta.

Kafin ki sayi ko da ƙwayar iri ɗaya, abu biyu. Ki sami mai gida ki nemi izini a gaban shaida, domin na sha ganin mutum ya yi wahala, shuka ta yi kyau, sannan a ce masa wurin za a yi gini. Shi ya sa ma na fi son buhu da roba a kan shuka a ƙasa: in an tashe ki, kin kwashi lambunki kin tafi da shi. Na biyu, ki yi kwana ɗaya kina lura da rana a filin. In tana samunsa awa 5 zuwa 6, ya yi. In katanga da rufin maƙwabta sun tare ta, ayoyo zai yi tsawo siriri babu ganye, gara ki sa kontomire, ganyen gwaza, shi yana jure inuwa.

Kaso mafi girma na 600 ɗin nan shinge zai ci, kuma kada ki yi ƙwauro a nan. Tumaki da awakin unguwa, balle gab da Layya, cikin minti goma za su share aikin wata guda. Kaji kuma tono suke yi. Waya mai ƙananan idanu ko tsohuwar ragar kamun kifi, da 'yan sanduna, da ƙofa mai ɗauri, sun wadatar.

Buhunan shinkafa da na masara kina da su a gida. Ga ganye, kwantar da buhun ya fi tsayar da shi: ki cika, ki ɗaure baki, ki kwantar, ki yanke samansa kamar taga, ki huhhuda ƙasan da ƙusa. Ta haka fuskar shuka ta fi faɗi. Tsofaffin robobin nan da kike shirin zubarwa ma ki huda su ki yi amfani da su. Ki ɗora komai a kan bulo ko duwatsu don ruwan sama ya wuce ta ƙasa, domin a Kumasi yawan ruwa ya fi kashe shuka a kan ƙishi. Ƙasa kuwa baƙa za ki nema, kashi biyu, ki haɗa da kashi ɗaya na ruɓaɓɓen taki. Kada ki ɗebo ta bakin kwata ko juji inda ake ƙona roba da batir, abinci za ki sayar wa mutane.

Zan ɗan daɗe a kan taki, don nan ne masu farawa suka fi ƙonewa. Gonakin kaji sun kewaye Kumasi, kashinsu ba ya wuyar samu, kuma babu takin da ya fi shi sa ganye ya yi kore. Amma ɗanye wuta ne, yana ƙona saiwa, kuma yawanci a gauraye yake da garin katako, wanda in bai ruɓe ba sai ya riƙe abincin da shuka ke buƙata, ki ga ganye ya yi ɗorawa kina mamaki. Ki tara shi a gefe, ki yayyafa ruwa, ki rufe da buhu, kina juyawa duk mako har mako 6 zuwa 8. In kika tura hannu ciki kika ji babu zafi, warin nan mai hawa hanci ya tafi, ya koma baƙi yana ƙanshin ƙasar damina, ya nuna. Ɓawon rogo da doya, guntun ganyen da kika tsince, da 'yar tokar murhu kaɗan, duk su shiga tarin. Ban da ragowar miya, saboda gishiri da mai da ɓeraye. Tunda hakan zai ɗauki lokaci, zubin farko ki sayi wanda ya riga ya ruɓe wurin masu sayar da furanni a bakin titi.

Irin ayoyo yana da taurin kai. In kika watsa shi haka nan, kaɗan ne zai fito, ki ce an sayar miki da mataccen iri. Ki ƙulle shi a ƙyalle, ki tafasa ruwa ki sauke, ki tsoma ƙullin kamar daƙiƙa 10, ki fitar ki tsoma a ruwan sanyi, ki baza a inuwa ya sha iska, sannan ki shuka. Na alefu kuma ƙanana ne ƙwarai, sai ki cuɗa da yashi kafin ki yayyafa don kada su taru wuri guda. In sun fito sun yi cunkoso, ki cire wasu ki jefa a miya.

Kada ki shuka buhu 20 rana ɗaya. Za su isa yanka tare, ki rasa yadda za ki yi da su, sannan ki zauna babu komai. Buhu 5 wannan Asabar, 5 Asabar mai zuwa, har ki zagayo. A kowane zagaye ki bar gindi biyu masu ƙarfi su yi 'ya'ya su bushe, kin daina sayen iri ke nan.

Ruwa shi ne kuɗin da ba a gani. Da damina ki sa duro a ƙarƙashin indararo, ki rufe bakinsa saboda sauro da yara. Daga Disamba zuwa Fabrairu, in hunturu ya busa, buhu na bushewa da wuri, a nan ne za ki ƙirga galan ɗin Kufuor, jarkar nan rawaya ta ɗiban ruwa, nawa lambun ke sha a rana, ki rubuta kuɗinsa. Ke kina da wata sa'a da wasu ba su da ita: ruwan wanke masara da shinkafa da ganye da kike zubarwa kullum, shuka na son sa. Na sabulu da na gishiri ne kawai ba a ba ta. Ruwan kwata ko na rafin Aboabo kuwa ko kusa, in mutum ɗaya ya yi ciwon ciki ya danganta da tuwonki, sunan da kika yi shekaru kina ginawa ya taɓu. Ki yi ban ruwa da sassafe, a gindi, kuma kafin ki zuba ki tura yatsa cikin ƙasar: in gaɓa ɗaya ta shiga kin ji danshi, ki bari sai gobe. Busasshiyar ciyawa a saman buhun tana rage ƙishi.

Ƙwari za su zo, fara da dodon koɗi da tsutsa da 'yan ƙananan da ke maƙalewa a bayan ganye. A buhu 20, hannu da ido sun fi magani: bayan Asuba ki ɗaga ganye ki duba, ki tsince. In sun yi yawa, ki daka 'ya'yan darbejiya cikin tafi biyu, ki jiƙa a bokiti ya kwana, ki tace, ki fesa da yamma, ki bar 'yan kwanaki kafin yanka, ki kuma wanke sosai don ɗaci. Maganin kanti ba na ba ki shawararsa a ganyen da ake yanka duk mako, domin kowanne yana da kwanakin da dole a jira kafin a ci, ke kuma tukunyarki ba ta jira. In kika tumɓuke shuka kika ga saiwar ta yi ƙulle-ƙulle kamar carbi, ƙasar buhun nan ta kamu, ki juye ta a rana ta gasu, kada ki sake sa ayoyo ko kuɓewa a ciki nan kusa.

Zancen sayar wa maƙwabta, ki ajiye shi sai bayan wata uku, kuma in ya zo, ba ganyen miya za ki sayar ba, shi tukunyarki ta fi ba shi daraja. Na'a-na'a za ki sa a roba biyu. Reshe ake yankowa a soka, yana yaɗo da kansa, kuma duk majalisar samari masu dafa ataya, wato shayi, daga Aboabo zuwa Sawaba mabuƙatansa ne. Sai dashen barkono da ɗoɗɗoya da zogale a ledar fiya wata, ki jera su a gefen teburin tuwonki. Wanda ya zo cin abinci ya gani ya tambaya, ba ki biya kuɗin rumfa ba.

Wanda zai yi ban ruwa lokacin da kike kan murhu ma ki san shi tun yanzu. In jika ne ko 'yar aiki, ki yanka masa ɗan abu duk mako, ki sa a lissafi, don aikin da ba a biya shi ne ake mantawa. Ki sayi littafi na musamman, shafin hagu abin da lambu ya ci, shafin dama duk ranar da ba ki sayi ganye ba da kuɗin da da kin kashe. Ki fara tun gobe da rubuta cefanen ganyenki na mako guda, ayoyo daban, alefu daban, yakuwa daban, don mu san wanne zai ci buhu mafi yawa. In wata uku sun cika ki aiko min da shafukan biyu, sai mu duba ko filin ya cancanci a ƙara masa daga adashi na gaba.