Asibitin dabbobi a Bauchi: aku da barewa ba za su biya kuɗin haya ba

Wani mai shagon abincin kaji da magungunan dabbobi a kasuwar Muda Lawal ya aiko da tambaya. Ɗan ƙaninsa ya gama karatun likitan dabbobi, shi kuma yana son zuba jari su buɗe asibitin da zai ƙware a kan aku, dawisu, jimina, kunkuru da namun dajin da ake tsintowa da rauni. Yana so ya san ko akwai ci a harkar.

Alhaji, akwai ci, amma ba a inda ka sa ido ba. Masu ajiye dawisu da jimina a gida suna biya ba tare da ciniki ba, sai dai ba su da yawa, kuma sai ka yi makonni ba ka ga ko ɗaya ba. Abin da zai riƙe asibitin kullum shi ne rigakafin kaji, ragunan layya, shanun kiwo, karnukan gadi da dawakin hawan Sallah. Masu gonar kajin nan ma ai tuni suna zuwa shagonka. A kansu za ka gina lissafi, sauran su zama ƙari.

Dabbar ceto kuwa ba ta da mai biya. Yaro zai shigo da ɗan barewa a cikin kwali, waya ta yanke masa ƙafa, ya ajiye ya tafi. Daga nan madara, magani, wurin kwana da mai tashi da dare duk sun hau kanka. Don haka ka buɗe mata littafi daban, ka yanke abin da za ka iya kashewa a wata, in ya ƙare ya ƙare. Sadaka ce, a rubuta ta a matsayin sadaka.

Inda na fi jin tsoro shi ne saye. Ranar da ka ba mafarauci kuɗi don ka “ceci” ɗan biri, ka buɗe masa kasuwa, kuma galibi sai an kashe uwar kafin a ɗauko ɗan. Ga kuma doka. Nijeriya tana da dokar kare dabbobin da ke fuskantar ƙarewa tun 1985, an ƙara tsaurara hukuncinta a 2016. A shekarar ce kuma yarjejeniyar CITES, wadda ke tsara cinikin namun daji tsakanin ƙasashen duniya, ta sa akun nan mai launin toka da jan wutsiya cikin jerin da aka hana cinikinsu tsakanin ƙasashe idan daga daji aka kamo su. Kada ka saya, kada ka sayar. Abin da aka kawo daga daji a yi masa magani, a sanar da ma’aikatar muhalli ta jiha, ita ce za ta ce ko gandun dajin Yankari za a kai shi ko na Sumu, ko a saki.

Wajen kashe jari, firiji da sola su zo kafin fenti da allon suna, domin rigakafin da ake ɗaukowa daga cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom, a jihar Filato, in zafi ya taɓa shi ya tashi aiki. Sai ɗakin killacewa mai ƙofarsa daban. Murar tsuntsaye ta shigo ƙasar nan tun 2006, kuma tsuntsu ɗaya mara lafiya da aka ajiye kusa da buhunan abincin kaji ya isa ya kore maka masu gona gaba ɗaya. Aku da kunkuru ma suna ɗauke da cututtukan da ke kama mutum, safar hannu ba ado ba ce.

Rajistar CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni, taka ce, amma lasisin aiki na likita ne, daga hukumar likitocin dabbobi ta ƙasa, VCN, wadda ke duba wurin ma. Wato in yaron ya samu aikin gwamnati ya tafi, gini kawai ka mallaka. Ku zauna gaban shaidu ku rubuta rabon riba, da wanda ke karɓar kuɗi, da wa’adin sanarwa kafin wani ya janye. Duk dabbar da za a kwantar kuma, mai ita ya ajiye wani abu tukuna, ko da amininka ne.