Bakin Igiya: Kwancewa Daban, Warwarewa Daban

Tambayoyin wannan karon duk a kan igiya suka taru, har da waɗanda rabinsu na harshe ne, rabi na aikin hannu. Na haɗa su wuri guda.

Wani makiyayi daga ƙasar Dakwaro ya ce: "Malam, gardama ta kaure mana a bakin rijiya. Na ce igiyar wasakinmu ta kwance, wani dattijo ya ce a'a, warwarewa ta yi. Ashe ba duk ɗaya ba ne?"

Ɗan'uwa, in dai bakin igiyar ne ya watse, Baba ya fi ka gaskiya. Kwancewa, ko kuncewa kamar yadda wasu ke faɗi, ta ƙulli ce da ɗauri. Akuya ta kwance daga turke, igiyarta lafiya lau, ka kamo ta ka sake ɗaurewa. Tsinkewa kuwa jikin igiyar ne ya rabu biyu, ko don nauyi, ko don gugar bakin rijiya ta cinye ta. Warwarewa ita ce tufkar kanta ta saki, igiya ta koma sili-sili, ta fara komawa kabar da aka yi ta da ita.

Wanda ya taɓa zama kusa da mai tufka ba sai an yi masa dogon bayani ba. Je ka ƙauyukan Gulbin Kaba wajen Mayahi, inda goruba ta ba gulbin sunansa, ka duba tsoho a gindin bishiya. Ya jiƙa kabar tukuna don kada ta karye, ya tsaga ta, ya danne bakin da babban yatsan ƙafa. Yana murza kowane sili tsakanin tafukansa ta gefe guda, amma in ya zo haɗa su sai ya naɗe su ta ɗaya gefen. Sirrin igiya ke nan gaba ɗaya. Kowane sili so yake ya koma yadda yake, ɗan'uwansa ya tare shi, shi ma ya tare ɗan'uwan. Haka take ko da rama aka yi ta, ko da ɓawon kuka, ko da na kalgo, ko ta kamfani ce. To, a tsakiyar igiya kowa na da mai riƙe shi. A inda wuƙa ta yanka fa? Babu. Shi ya sa warwara kullum daga baki take farawa, ta yi ta ci tana shiga ciki, yau taƙi ɗaya, gobe kamu ɗaya, har mutum ya wayi gari igiyar da ke kai wasaki ruwa ta daina kaiwa. Ku da rijiyoyinku ke da zurfin da sai sa ko raƙumi ya ja, kun fi ni sanin kuɗin kamu ɗaya.

Ku lura kuma da kalmar baki. Hausa ba ta cika cewa ƙarshen igiya ba, bakin igiya take cewa, kamar bakin tabarma, bakin zane, bakin gulbi. Da hikima a ciki, domin igiya baki biyu gare ta, kowanne yana iya zama farko, yana iya zama ƙarshe. Daga nan aka samu "gano bakin zaren", wato samo inda za a kama al'amarin da ya cukurkuɗe.

Rubutun kalmar tufka ma kada ya dame ka. Za ka ga tufka, za ka ga tubka, duk kalma ɗaya ce, bambancin karin harshe ne kawai.

Wata malamar makaranta daga unguwar Zariya, cikin garin Maradi, ta ce: "Maigidana ya ce in ɗaura zare a bakin igiyar shanya don kada ya watse. Na ce ɗaure ake cewa. Wa ya yi daidai? Kuma yaya ake yin ɗaurin ya zauna? Nawa kullum zamewa yake."

Malama, ku sasanta, kowa ya yi daidai in ya sa kalmarsa a gurbinta. Ana ɗaura zare a bakin igiya, ana ɗaure bakin igiya da zare. Mai wasalin "a" tana kallon abin da aka ɗora, mai wasalin "e" tana kallon abin da aka kame, kuma tana nuna an gama aikin kaf. Haka naɗa da naɗe, haka ƙulla da ƙulle. In aikin ya yi kyau sai a ce ya ɗauru, ya naɗu, ya ƙullu. Maganar maigida ba ta da aibi, taki ma za ta tsaya in kin ce "in ɗaure bakin da zare".

Zamewar kuwa, ina zaton zagaye biyu ko uku kike yi ki ƙulle a sama. Wannan ƙullin yana waje, duk abin da ya goge shi zai kwance shi. Naɗin da ke zama shi ne wanda aka ɓoye bakunan zaren biyu a ƙarƙashinsa, ba ƙulli ko ɗaya. Ki sami kirtani ko zare mai ƙwari kamar kamu ɗaya, in da kakin zuma ki goga masa, yana hana ruwa shiga, yana kuma sa zaren ya kama. Ki lanƙwasa gefe ɗaya na zaren ya zama ƴar kafa, ki kwantar da ita a jikin igiyar, kan kafar yana duban bakin igiya, ɗan guntun yana kwance ta baya. Sai ki ɗauki dogon ki fara naɗewa daga ciki kina nufo baki, a kan kafar, kowane zagaye manne da ɗan'uwansa, ba hawa, ba rata, kina ja har yatsa ya yi shaida. In faɗin naɗin ya kai kaurin igiyar, ko ya ɗara da rabi, ya isa. Dogon naɗi ba ƙarin ƙarfi ba ne, saurin sassautawa ma yake. Ki zura sauran zaren cikin kan kafar da ya leƙo, ki koma baya ki ja guntun nan. Za ki ga kafar ta shige ƙarƙashin naɗin tana jan ɗaya bakin. In ta kai tsakiya ki tsaya, kada ki zaro ta waje. Ki yanke abin da ya rage da reza.

Abu ɗaya da mutane ke sakaci da shi: a naɗe kafin a yanka. In za ki raba igiya biyu, ki yi naɗi biyu kusa da juna, wuƙa ta bi tsakaninsu. Masu sayar da igiya a babbar kasuwa da yawa salatif suke mannawa su yanka a tsakiyarsa. Yana kai ki gida, amma rana da ruwa na ɓamɓare shi, kada ki dogara da shi.

Akwai wanda ya fi naɗi daɗewa, sai dai ya fi wuya. A warware silin uku da gangan kamar faɗin tafi, a sarƙe su da juna a ka, sa'an nan a mai da kowanne baya cikin jikin igiyar, ya haye sili ɗaya ya shige ƙarƙashin na gaba, sau uku. Igiyar ce ke riƙe kanta, ba zare. Aibinsa bakin yana kauri, ba zai shiga ƙaramar kafa ko zobe ba. Shi ma ƙulli na kullum, wanda kowane yaro ya iya, ban raina shi ba. Ga igiyar akuya ya wadatar. Amma a baki kaɗai, domin ƙulli a tsakiyar igiya mai ɗaukar nauyi yana iya rage mata kusan rabin ƙarfi.

Watsewar bakin zane da na mayafi kuma ba warwarewa muke ce mata ba, zarewa ce, maganinta yana wajen tela: kalmasa ko dajiya.

Wani ɗalibi daga Tasawa ya ce: "Na ga ana ƙona bakin igiya da ashana. Na gwada da igiyar rama sai ta kama da wuta. Kuma shin ƙonawa ce kalmar da ta dace?"

Ƙanena, tambayarka ta biyu ita ce amsar ta farko. Abin da ake so narkarwa ce, ba ƙonawa ba, kuma ba kowace igiya ke narkewa ba. Rama, kaba, auduga da ɓawon itace tsiro ne, in sun ji wuta toka suke zama. Wadda ke narkewa ita ce ta roba, wadda muke kira igiyar leda ko nailan. Ita nailan ta ainihi a shekarar 1935 aka fara haɗa ta a kamfanin DuPont na Amurka, amma sunan ya bi bakin mutane har ya rufe duk wata igiyar kamfani. Mai launin nan marar nauyi da ke yawo a kan ruwa yawanci ba nailan ba ce, folifirofilin ce. Tana narkewa a wajen digiri 160 zuwa 170 na ma'aunin Salsiyas, alhali nailan sai ta haura 200. Ita ce kuma rana ta fi ci, in ta daɗe a waje sai ka ga tana zubar da gari.

In kana shakkar wace iri ce a hannunka, zaro ɗan sili ka kai shi wuta. In ya yi warin takarda ya bar toka, nemo zare ka naɗe. In ya tattare ya dunƙule, wuta ce maganinsa. Kusantar da bakin gefen harshen wutar kana juyawa, kada ka cusa shi ciki ya yi baƙi yana ɗiga. Da ya yi laushi ka murza shi a jikin ƙarfe ko dutse ya haɗe. Kada ka taɓa da yatsa, narkakkiyar roba manne wa fata take, kuma ka yi a waje saboda hayaƙin. Wuƙar da aka gasa ta yi zafi ta fi ashana tsabtar aiki, tana yanka tana liƙewa lokaci guda. Ni dai a igiya mai kauri nakan so a haɗa biyun, a narkar a kuma naɗe, don narkakken baki yana tsagewa in an taka shi ko an buga shi da ƙasa.

Wata mai karatu daga Tibiri ta ce: "Mene ne ma'anar tufka da warwara? Kuma me ya sa warware ke zama alheri a wani wuri?"

Tufka da warwara ana faɗinta ga wanda ke rushe abin da ya gina da hannunsa, ya faɗi magana yau gobe ya zo da kishiyarta, ko ga mutum biyu a aiki ɗaya, wannan na gyara wancan na ɓatawa. Kin ga a nan warwara hasara ce, domin tufkar abin so ce. Amma majinyaci ya warware, an warware matsala, an warware rikici, duk murna ake. Kalmar ba ta canja ba, abin da ya murɗe ne ya bambanta. Haka ƙulla take: a ƙulla zumunci, a ƙulla ciniki, a kuma ƙulla sharri.

Karin maganar da ta fi kusa da zancenmu ita ce "tsintsiya maɗaurinki ɗaya". Tsinken tsintsiya ba su da tufka ko kaɗan, ɗaurin nan guda shi ne duk abin da ya mai da su tsintsiya, shi ya sa ake yi wa dangi da jama'a kirari da ita. Maɗauri ginin kalmar kayan aiki ne, "ma" a gaba "i" a baya, irin su mabuɗi da mazagi.

Ta ƙarshe, daga Madarunfa: "Igiyar aure uku, daga igiya mai sili uku aka samo ta?"

A'a, Alhaji. Zancen yana da daɗin ji, amma lissafin daga shari'a ya zo. Aya ta 229 cikin Suratul Baƙara ta ce saki sau biyu ne, ta 230 ta yi bayanin na uku. Abin da Hausa ta kawo shi ne hoton igiyar, tun da aure ɗaura shi ake yi. Kuma ba cewa ake sili ɗaya ya rage ba, igiya ɗaya ake cewa ta rage, wato kowace cikakkiya ce mai zaman kanta.