Kafin Ka Shiryar da Mugun Labarinka

Ka tambaye ni kan musun da masu kallon fina-finan sararin samaniya na talabijin suke yi a Amurka: mugu ya cancanci shiriya a ƙarshe, ko a bar shi ya mutu da halinsa? Na san inda tambayar ta dosa. Mugun da kake rubutawa ya shiga ran 'yan kallo, furodusa kuma ya matsa a sa shi ya tuba a zango na gaba don kada a rasa shi. To, zauna ka ji, yarona.

Musun nan ya girme ka. Tsakanin 1993 da 1999 an nuna Star Trek: Deep Space Nine, zango bakwai, kashi 176. A ciki akwai Gul Dukat, wanda Marc Alaimo ya fito a matsayinsa. Shi ne gwamnan da mutanen Cardassia suka ɗora wa duniyar Bajor a ƙarshen mamayar da ta kai kimanin shekara 50, da sansanonin aikin dole da kashe-kashe. Amma mutum ne mai zaƙin baki, ga fara'a, ga son 'yarsa Ziyal. Sai wasu 'yan kallo suka fara ba shi uzuri, wai ai ya sassauta wa mutanen. Abin bai yi wa Ira Steven Behr, shugaban marubutan, daɗi ba. A 1998 aka fito da kashin "Waltz" da Ronald D. Moore ya rubuta: Dukat da Kyaftin Sisko, jarumin shirin, su biyu a cikin kogo, Sisko da rauni, Dukat yana ta lallaɓa shi ya yarda cewa shi mutumin kirki ne. Da Sisko ya ƙi, sai bakinsa ya kuɓuce, ya ce ya tsani mutanen Bajor, da ma ya karkashe su duka.

Har yau wasu na cewa an ɓata shi. Ni ban yarda ba. Mutumin da ke ƙorafin ba a kafa masa ko mutum-mutumi ɗaya a Bajor ba, godiya yake jira daga waɗanda ya zalunta. Ina alamar nadama a nan? Inda na ba masu ƙorafin gaskiya shi ne daga baya, da aka haɗa shi da wasu aljanun wuta har da jajayen idanu. Wannan kam marubutan sun yi kasala.

Wanda nake so ka zuba wa ido shi ne Damar, mataimakin Dukat. Da ɗan ƙaramin matsayi ya fara, kuma shi ya harbe Ziyal a 1997. Daga baya Dominion, babbar daular da Cardassia ta shiga ƙarƙashinta, suka ɗora shi a mulki ya zama ɗan amshin shata, ya koma shan giya don kunya. Da ya yi musu tawaye, wa zai koya masa yaƙin sunƙuru? Kira, 'yar Bajor, wadda ta taso tana yaƙar mutanensa. Sai labari ya zo masa cewa an kashe matarsa da ɗansa. Yana tambaya wace irin gwamnati ce ke kashe mata da yara, Kira ta mayar masa da tambayarsa a fuska. Bai iya cewa uffan ba. A kashin nan dai, amininsa Rusot ya saita Kira da bindiga, Damar ya harbe aminin nasa. A kashin ƙarshe shi ma ya mutu a fagen yaƙi.

Ka lura marubutan ba su ba shi doguwar huɗuba ba. Sun ajiye shi a gaban wadda aka zalunci mutanenta, suka bar ta ta yi magana, sannan suka sa shi ya yi asarar abin da yake so. Duk da haka akwai giɓi: maganar jinin Ziyal kusan an bi ta kai an wuce, kuma masu kallo ba su manta ba.

Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Tun a Islamiyya aka karantar da kai sharuɗɗan tuba: nadama, daina aikata laifin, ƙudurin ba za a koma ba, in kuma haƙƙin wani ne a mayar masa. Na huɗun nan muke tsallakewa a fina-finanmu. Mugu ya yi hatsarin mota, ya farka a gadon asibiti yana hawaye, a saka kiɗa mai taushi, kowa ya ce ya yafe. Mai kallo ba wawa ba ne. Yana ƙirga abin da aka yi wa marainiyar nan tun kashi na farko.

Saboda haka je ka ɗauko takarda. Rubuta sunan duk wanda mugunka ya cuta da abin da ya raba shi da shi. Zaɓi wanda ciwonsa ya fi zafi, ka rubuta mini fitowa ɗaya, su biyu kawai a ɗaki, kuma kada wanda aka cuta ya yafe a fitowar nan. In mugun ya iya tsayawa ya saurara ba tare da ya kare kansa ba, ka ci gaba da shi. In ya fara kawo hujja, Dukat gare ka, sai ka faɗa wa furodusa gaskiya. Ka kawo mini ranar Asabar mu duba tare.