Amsa ga ɗan'uwan da aka gayyata buga golf a Winged Foot

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, tun jiya da dare na ga tambayarka. Ka ce wani abokin aikinka ya gayyace ka ku buga golf a Winged Foot wata mai zuwa, kai kuma a gida ka koyi wasan, kana neman sanin irin shirin da za ka yi da abin da za ka riƙe a aljihu. Sau biyu na taka filin a matsayin baƙo, duka a ɓangaren Yamma, don haka abin da idona ya gani zan faɗa maka.

Ka fara sanin girman karamcin da aka yi maka. Kulob ɗin na mambobi ne zalla, kuɗinka ba ya shigar da kai sai mamba ya riƙo hannunka. Yana garin Mamaroneck, arewa da birnin New York, tafiyar kamar minti 40 a jirgin ƙasa daga tashar Grand Central. A.W. Tillinghast ne ya zana filayen biyu, Gabas da Yamma, aka buɗe su a 1923. Na Yamman ya karɓi gasar US Open sau shida tsakanin 1929 da 2020, kuma can za ta koma a 2028.

Da ka tsaya a bakin rami na farko, wurin zai yi maka kama da lambun hutawa: ciyawa shar, manyan itatuwa gefe da gefe, ga gidan kulob na dutse a bayanka. Babu teku, babu tsauni, ruwa ma kaɗan ne. Duk wahalar filin tana kan girin, wato shimfiɗar ciyawar da ke kewaye da ramin. An ɗaga su sama, yawancinsu sun gangaro daga baya zuwa gaba, kuma ramukan yashi masu zurfi sun tsare su hagu da dama. Mu da muka koya a kan girin na yashi da baƙin mai, wanda ake share maka hanya kafin ka buga, hannunmu ya saba da dukan ƙwallo da ƙarfi. Wannan sabon shi ne zai fi cutar da kai a can.

Zuwana na farko, a rami na ɗaya, ƙwallona ta sauka saman ramin da taku biyar. Kadina, wato mai ɗaukar mini jakar sanduna, wani dattijo da ya daɗe yana wannan aiki a wurin, ya tsuguna, ya ɗora yatsa a wani wuri da ya kauce wa ramin da taku biyu cur, ya ce nan zan nufa, kuma taɓawa kawai zan yi. Zuciyata ba ta yarda ba. Na nufi kusa da ramin, na ɗan ƙara ƙarfi. Ina tsaye ina kallo ƙwallon ta wuce, ta yi kamar za ta tsaya, sai ta ci gaba da gangarawa a hankali har ta kai bakin girin. Bugu huɗu na yi kafin ta faɗa. Daga baya mai masaukina ya tuna mini cewa shahararren ɗan wasan golf Jack Nicklaus ma wannan girin ɗin ya yi masa haka a gasar US Open ta 1974, shekarar da Hale Irwin ya ci gasar da bugu 7 sama da ƙa'ida, wato adadin bugun da aka ƙayyade a gama wasa da shi. Daga rami na biyu ban ƙara musu da dattijon nan ba.

Don haka shawarata ta wasa guda ce: ka riƙa ajiye ƙwallonka ƙasa da rami. Gara ka gaza da taku goma kana hawa da ka wuce da taku uku kana gangarowa. Kafin ranar, ka bar atisayen direba, wato sandar bugu mai nisa, ka ba fota, wato sandar bugu a kan girin, da fita daga yashi lokacinka. Idan ƙwallo ta shiga doguwar ciyawa ko ƙarƙashin itace, fito da ita fili kawai, kada ka nemi jarumta. A 2006 Phil Mickelson ya iso rami na 18 yana buƙatar bugu huɗu ya ɗauki kofi. Bugunsa na farko ya kauce hagu, ya nemi ratsa itatuwa, ƙwallon ta daki itace, ya ƙare da shida, Geoff Ogilvy ya tafi da kofin. A 2020 kuwa Bryson DeChambeau kaɗai ya gama ƙasa da ƙa'ida. A gasar an miƙe filin zuwa yadi 7,477, amma kai ba ruwanka da wannan, ka tsaya inda mai masaukinka ya tsaya ka buga.

Rami na 10 ya fi kwanta mini a rai. Gajere ne, ƙa'idarsa bugu uku, yana farawa kusa da gidan kulob, ga wani gida a bayan girin, ga yashi mai zurfi a gefuna. A zuwana na biyu na samu ukun nan, har yau ina jin daɗinsa.

Maganar kuɗi. Baƙo ba ya zuwa kanta ya biya kuɗin wasa, a asusun mamba ake rubutawa. Ka tambaye shi a asirce tun kafin ranar ko zai yarda ka mayar masa. Idan ya ƙi, ka roƙi ya bar maka sallamar kadi, ka kuma tambaye shi nawa aka saba bayarwa, ka zo da tsabar kuɗi. Da ƙafa ake zagaya filin, kusan awa huɗu, don haka kada ka sa sabon takalmi ranar.

Tufafi kuwa, riga mai kwala a cusa cikin wando, ban da jins. Kada ka canja takalmi a wurin ajiye motoci, akwai ɗakin da aka tanada. Ka cire hular wasa idan za ka shiga ciki, waya kuma ta yi shiru a jaka. Kada ka ɗauki hoto sai ka tambaya. Duk abin da ka yi, sunan wanda ya kawo ka ne a kai, shi ya sa nake jaddada waɗannan. Ka iso da awa guda, kuma kada ka riƙe layi: idan bugunka ya yi yawa a rami, ɗauki ƙwallonka ku wuce.

Bayan wasa za su zauna cin abinci, kada ka yi saurin tafiya, nan ne ake sanin juna. Ka tambayi abin da ke cikin abincin saboda naman alade, ka nemi lemo ko shayi, ni babu wanda ya dube ni a kan haka. Azahar ta same ni a can a zuwana na biyu. Na gaya wa mai kula da ɗakin canja kaya, ya nuna mini wani lungu mai tsabta, ya miƙo mini tawul na shimfiɗa. Ka sa ƙaramar darduma a jakarka. Washegari ka rubuta wa abokin naka takardar godiya da hannunka. Allah ya kai ka lafiya, idan ka dawo ka ba mu labarin yadda ka yi da girin na farko.